Gonar da na ce wa Hamma ya riƙe

Hajiya Hassana, ki taimake ni. Ni ban yi boko ba, maƙwabciyata Malama Rekiya ce ke rubuta mani, ita ce ma ke karanta mani filinki na jarida.

Ɗana Lado ya kai 'ya'yan yayana Hamma ƙara kotu a Dutsin-Ma, kan rabona na gonar mahaifinmu da ke bakin madatsar ruwan Zobe. Ni aure ya kawo ni Birchi, amma can aka haife ni tun ba a tare ruwan ba. Da ruwa ya zo ya ci rabin gonar. Da rani in ya ja baya sai ƙasar ta fito baƙa, mai laushi. Har yau in na kishingiɗa da hantsi nakan gan ta, gero ya fi ni tsawo, Innarmu na tafe da ƙwaryar fura, balbelu na bin shanu. Wani lokaci ma ƙamshin nake ji.

Da Baba ya rasu malamai suka raba, aka auna mani nawa. Muna tsaye a kan iyaka na ce wa Hamma ya riƙe. Iyakar abin da na faɗa ke nan, babu kowa wurin. Shekara kusan arba'in yana noma ta, kowace kaka ya ɗauro mani dami biyu a jaki, daga baya a babur. Bara Allah ya yi mashi rasuwa. Yanzu wurin ya yi daraja saboda noman rani. Lado ya ce damman nan shaida ce aro na ba Hamma. Su Ikrima, 'ya'yan Hamma, sun ce kyauta ce, damman kuma zumunci. Lado ya kawo takarda na dangwala yatsa, wai shi ne wakilina. Shi ke ci da ni, kuma 'ya'yansa tara ba gonar kirki.

Ran Laraba alƙali ke son ganina, an ce ƙila a ba ni rantsuwa. Ni kuwa 'yata, in na leƙa zuciyata, ranar da na ce wa Hamma ya riƙe ban yi niyyar karɓa ba har abada. Amma ban ce na ba shi ba. Ikrima a bayana ya yi wayo, yanzu ko gaisuwa ba ya zuwa. In dafa Alƙur'ani in ce me? Na gaji, Rekiya, tsaya nan.

Gogo, daga Birchi

Gogo, Allah ya ƙara lafiya.

Lado bai yi laifi ba da ya nemar maki gadonki; Allah ne ya ba ki, kuma mata da yawa sun rasa nasu saboda kunya. Su Ikrima ma ba ɓarayi ba ne, sun buɗe ido sun ga ubansu na noma wurin.

Kada ki rantse kan abin da ɗa ko ɗan ɗan'uwa ya shirya maki. Ki faɗa wa alƙali kalmar da kika faɗa, da abin da ke zuciyarki ranar, da damman. Ko kyautar ta tabbata ko ba ta tabbata ba, aikinsa ne ya yanke, ba naki ba.

Kafin Laraba ki kira Lado ki gaya mashi wannan da bakinki, kada ya fara ji a gaban jama'a. Zai ji zafi, amma ɗanki ne. Ki sa limaminku ya zauna da su duka, ki kuma roƙi alƙali ya ba da damar sulhu. In su Ikrima na da hankali, za su yankar wa 'ya'yan Lado inda za su shuka albasa.

Ki tuna kina da rai, Gogo. Ba a gadon mai rai, kuma wakilcin da kika bayar kina iya janye shi gobe da safe. Allah ya jiƙan Hamma, ya sanyaya maki zuciya.

Hajiya Hassana