Kada Su Ƙone Mini Lonnie

Litinin, 4 ga Maris
Likita ya sallame mu, ya ce babu sauran abin yi. Na yi wa Lonnie shimfiɗa a ɗakin gitocinsa. Mijina da ya girgiza dandamalin Detroit duka da kiɗan gita, yau cokali ya fi ƙarfin hannunsa.

Alhamis, 7 ga Maris
Gus mai ganga ya zo dubiya. "Tsohon banza, ko a mutuwar ma sai ka riga ni shiga?" Lonnie ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
A kicin Gus ya faɗa mini. Wai tun suna samari 'yan ƙungiyarsu ta kiɗa suka yi alkawari: duk wanda ya mutu a ƙone shi, a watsa tokarsa kan 'yan kallo daga dandamali. Haka suka yi wa biyu a cikinsu. "Jama'arsa na jira, Rokeya."
Mutumin da ya yi kalmar shahada kafin aurenmu. Wuta, tun a duniya?

Asabar, 9 ga Maris
Na kasa tambayarsa. In ya ce wutar yake so fa?

Talata, 12 ga Maris
Na tambaya. Ya ce, "Ban taɓa saɓa wa Gus ba. Ke ma ban taɓa saɓa miki ba." Sai barci. Ya Allah, wannan amsa ce?

Juma'a, 15 ga Maris
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi.
Na ga motar Gus, na kulle ƙofa. Ya yi ta bugu. "Ƙanwata, buɗe mana, ni ba ɓarawon gawa ba ne." Na buɗe. Ya ga likkafanin da na tanada, sai ya ce, "Ba ni jar gitarsa. Ai ita ce rabinsa mai surutu."
Da kafaɗar Gus aka kai Lonnie kabari.

Lahadi, 24 ga Maris
Sun ƙone gitar. Na je wasan da suka shirya masa ne don in tabbatar kawai, na tsaya can baya. Ƙarar ba a magana, ƙattin maza suna ta kuka. Da Gus ya watsa tokar, ban san lokacin da na matsa gaba ba.
Ta ɗan taɓa mayafina. Ban wanke shi ba tukuna. Ai toka ba najasa ba ce.