Ki kwance kayan

Zalika,

Na fita kina wajen rijiya. Jiya na ga sufeton makarantu. Canjin aiki zuwa Yamai ya fito, amma da sunan wani malami da Allah ya hore wa kawu a can. Ni an yaba haƙurina, an ce in ƙara.

Ki kwance kayan da kika ɗaure. Fara da tukunya, tunda a nan Tawa ma ana jin yunwa. In Balki ta tambayi ranar shiga mota, ki ce babanta yana bincike.

Na tafi ƙauyenmu Kalfu wajen Magaji. Gonar da na ba shi aro ranar da na yi sallamar tafiya Yamai, an ce hatsinta ya kai gwiwa. Zan roƙe shi gefe a gonata.

Almustafa