Hoton Ɗorin Kakana

Anti Barakatu, don Allah ki taimake ni. Ban iya magana gaban mutane ba, shi ya sa na rubuto.

Shekarata sha huɗu, bara na gama firamare a Gummi. Lokacin girbi na zame a fadama da damin shinkafa, hannuna ya karye. Kakana Ɗanmusa maɗori ne, shi ya ɗora ni. Da aka kwance karan, Inna ta kai ni asibiti a ɓoye aka yi hoton ƙashi. A gidanmu wanda Kaka ya ɗora ba ya zuwa hoto, kamar ka ce bai iya ba ne.

Anti, na ga cikin hannuna a kwamfuta! Ƙasusuwa farare siriri, ga 'yan ƙanana a wuyan hannu kamar tsakuwa. Ma'aikacin asibitin ya daɗe yana kallo, ya ce duk wanda ya yi ɗorin nan gwani ne. Ya tura hoton wayar Inna. Na yi ta kwaikwayonsa da fensir, sannan na zana shi da lalle a bayan hannuna, na sa fure daidai inda ƙashin ya haɗe. Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, yanzu 'yan mata layi suke yi a tsakar gidanmu in zana musu irinsa. Ma'aikacin ma da ya ga zanen ya ce in zana babba a takarda, a kafa inda marasa lafiya ke zama.

Amma gwaggona Tasalla ta ce ƙwarangwal a hannu kiran mutuwa ne. Kuma in aka kafa zanen, Kaka zai san mun je. In ya yi fushi, ban san inda zan sa kaina ba. In fasa?

'Yar Bakin Gulbi, Gummi

Ɗiyata, barka da arziki, barka da wannan baiwa. Kada ki fasa.

Inna ba ta yi laifi ba da ta nemi tabbaci, amma ɓoyon ya isa haka. Abin da zai ɓata wa dattijo rai shi ne ya ji a bakin 'yan kasuwa. Ku same shi ke da Inna kafin ki taɓa babbar takarda, ku ba shi haƙuri.

Gwaggonki kuwa ƙauna ce ta sa ta tsoro. Ki nuna mata cewa ƙashin mai rai ne, wanda ya warke. Cikin 'yan matan, wadda ba ta so, ki yi mata lallen da ta saba.

Ki lura da abu guda: shekara da shekaru kakanki na aiki da yatsu, bai taɓa ganin aikinsa da ido ba. Hoton nan shaidarsa ne. Ki fara da maganar ma'aikacin, ki ɗan tsokane shi yadda jika ke yi, ki miƙa masa zanen farko. In ya yarda, ƙarƙashin furen nan ki rubuta: ɗorin Ɗanmusa.

Allah ya ƙara wa hannunki da nasa albarka.

Anti Barakatu