Ruwan da Ba Ya Janyewa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya Ikko, ya iyali, ya ƙafar Inna? Mu dai alhamdu lillahi, ofis ya gama kwaso mu zuwa Abuja.

Ranar Asabar na tashi da kewar dajin nan na bakin teku da muke shiga da kwalekwale, birai suna leƙenmu. Na ɗauki bokiti na tafi dam ɗin kusa da Ushafa, na zauna jiran ruwa ya janye kamar yadda na teku yake yi kullum, in kama ƙaguwa. Wata tsohuwa mai ginin tukwane ta wuce ni da hantsi, ta dawo da azahar ina nan.

"Oga, me kake jira?"

Na gaya mata. Dariya har da sauke kayan kafaɗarta.

"Ruwan nan ba ya zuwa ko'ina. Kai ma ka zauna."

Yaya, lokacin ƙwan kunkurun teku ya yi. Don Allah ka roƙi masunta su ƙyale ramin gindin kwakwar nan da kunkuru ke binne ƙwai, tunda ba na nan.

Ka gai da Inna da yara. A yi min addu'a in iya zaman.

Ƙaninka,
Bala