Ƙwaryar Jirgin Gide

Yawuri, Oktoba 1955

Zuwa ga Yaya Barau, a Mabai.

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, da Adama da yara. Ni lafiya lau, sai gajiya.

Takardarka ta iske ni a wurin aikin hanya. Na karanta, na naɗe, na koma fasa dutse. Dada ta rasu tun tsakiyar damina, kai kuma sai bayan sadakar arba'in ka ga damar sanar da ni. Ba ka ce ga ciwon ba, ba ka ce ga waɗanda suka kai ta ba. Na sani kai ka zauna da ita, ni na tafi; wannan ba zan ƙwace maka ba. Amma ni ma ita ta haife ni.

Ban yi kuka ba. Ina ci, ina barci, kamar an ce mani akuyar wani ta ɓata. Gonata, ka noma ta; ɗakina, ka zuba dawa a ciki. Babu sauran abin da zan zo nema a Mabai.

Ƙanenka,
Maharazu

Yawuri, Nuwamba 1955

Zuwa ga Yaya Barau.

Gaisuwa mai yawa, da fatan an gama girbi lafiya.

Ba ka ba ni amsa ba, kuma ban ga laifinka ba.

Akwai wani Basarke nan, Gide, mai ɗaukar baƙi a jirginshi ya kai su inda kifi ke kwanciya. Ran hutu na bi shi, ba don kifi ba, don dai in bar ɗaki. Ya haɗa ni da wani dattijo da ban sani ba, Malam Sha'ibu, mai fataucin shanu. Yana buɗe baki na ji Katsinanci. Mutumin Faskari ne. Ban ce mashi ga garinmu ba.

Bai iya komai ba a ruwa. Ni na riƙa sa mashi tana a ƙugiya. Jirgin na yoyo, dokar Gide kuma duk wanda fatsarshi ba ta kama ba shi ke kwalfe ruwa. Tawa ba ta kama ba, aka miƙo mani ƙwarya.

Malam Sha'ibu ya daɗe yana kallona, sai ya ce na tuna mashi da wani. Wai da damina ya ratsa Mabai da shanu, ana ruwa kamar ba za a ɗauke ba, rafi ya tare mutane a gonaki. Ya iske mutum ɗaya a maƙabarta yana haƙa kabari, ruwa na cika ramin, yana kwalfewa da ƙwarya, yana haƙawa, tafin hannunshi duk ya saluɓe. Ya bar shanunshi ya kama mashi. Shi Malam Sha'ibu ne ya ɗauki gefe guda na makarar. Ya ce mutumin bai yi magana ba, sai da aka rufe ya ce uwarshi ce, yana da ƙane a nesa, bai san da bakin da zai faɗa mashi ba.

Na ci gaba da kwalfe ruwa. Gide ya ce jirgin ya bushe, in bari. Ban ji ba, sai da ya karɓe ƙwaryar.

Da muka fito aka raba kifi. Malam Sha'ibu ya ce a ba ni tarwaɗa mafi girma, tunda ni na sa mashi tana. Na karɓa. Har muka rabu ban faɗa mashi ko ni wane ne ba.

Na yi bandar kifin, yana cikin ƙunshin da mai kawo maka takardar nan zai ba ka. Takardata ta farko ka sa ta a murhu. Dawar da ka zuba a ɗakina, in ka zuba, ka rage mani wurin tabarma. Ina tafe idan aka sallame mu.

Har yanzu ban yi kukan ba, Yaya. Ka kai ni wurin. Ka nuna mani hannunka.

Ƙanenka,
Maharazu