Furen Bangon Ofishin Sa'id

Jiddari Polo

Ƙanwata Rahmat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Inna da hidimar bikinki.

Humrar aurenki ta jiƙu, ga ta a hannun direba. An mayar da maigidana Sa'id sabon ofishi a nan Maiduguri, bene ne da aka lulluɓe da shuke-shuke tun daga ƙasa har sama, irin gidan da jarumi ke fitowa a littafi. Kullum sai ya tsinko mini farin fure a bangon. Mijin da ko albasa bai taɓa riƙo mini ba! Furen na shanya, na daka, na zuba miki a kwalbar. Babu amaryar Konduga da za ta yi ƙamshinki.

Yayarki,
Ruƙayyatu

*

Konduga

Yaya Ruƙayyatu,

Wa'alaikumus salam. Saƙo ya iso, Allah ya saka. Inna ta ce littattafan nan sun gama da ke. Ta kuma ce in tambaya: a zafin Maiduguri, da wane ruwa ake shayar da bango guda?

Taki,
Rahmat

*

Jiddari Polo

Rahmat,

Bayan gaisuwa, kada ki buɗe kwalbar nan.

Na je ganin benen da idona. Daga titi aljanna ne. Da na matsa kusa, wari ya tare ni, ƙudaje sun yi baƙi a ganyen, wani koren ruwa yana bin tagogi. Mai kula da shukar, Dzarma, ya nuna mini bututun yana alfahari. Wai masu zanen ginin sun tsara kada ɗigo ya tafi a banza, ruwan bayan gida ake tacewa a fesa wa furen. Injin tacewar kuwa ya lalace tun da azumi, ana dai ci gaba da feshi.

Sa'id ya sani. Ya ce ai yana kakkaɓewa kafin ya kawo, kuma ya ga ina murna. A ƙarƙashin matashina nake kwana da furen nan, Rahmat. Na ƙona matashin. Ki haƙa rami ki binne kwalbar, najasa ce.

Ki gaishe da Inna, amma kada ta ji.

Ruƙayyatu

*

Konduga

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta makara. Na shafe lafayoyina duka, na kuma ɗiba wa uwar ango. Da ita ta je sallar Juma'a. Ɗazu ta aiko wai a haɗa mata babbar kwalba. Ki zo da kanki ki yi mata bayani, ni bakina ba zai iya ba.

Ki huta lafiya.

Rahmat