Ƙullutu a Wuyan Yumɓu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan da godiya, Inna ta warware har ta koma yi mana faɗa. Na zaɓi rubutu ne don in na kira ki a waya kuka ba zai bar ni in yi magana ba.

Makon jiya makarantar makafi da 'yarki Shalele take zuwa ta yi bajekolin ayyukan yara a ɗakin taro. Akwai zanen zare da gam, akwai tsuntsayen takarda, akwai tukwane. Ita kuwa kan babanta ta ƙera da yumɓu, har gemun, har kunnen nan nasa da ya ɗan karkace. Kin san ta da ƙaninki, da ya dawo daga shagon kafinta za ta haye cinyarsa tana shafa masa fuska, tana tsokanarsa wai hancinsa ya cika ɗaki. Tun aikin yana ɗanye na lura da wani ƙullutu a ƙarƙashin muƙamuƙi, ta hagu, kamar ƙwan tattabara. Na ɗauka hannu ne ya kuɓuce mata, na jiƙa yatsa zan shafe, ta cafke hannuna ta ce kar in ɓata mata aiki.

A wurin bajekolin ba a kallo da ido. Ɗaure wa baƙi fuska ake yi da ƙyalle, su bi ayyukan da hannu yadda yaran suka yi su. Wata baƙuwa, ashe ma'aikaciyar jinya ce, tana cikin shafa kan da Shalele ta ƙera, da yatsunta suka kai wuyan sai ta tsaya cak. Ta cire ƙyallen ta tambayi Shalele ko kuskure ne. Yarinyar nan ta yi dariya ta ce ina, ai haka wuyan Baba yake, da can ɗan mitsitsi ne, yanzu ya girma, kuma ko an danna ba ya motsi. Matar ta ja ni gefe ta ce a kai shi asibiti, kar a jira.

Yaya, ɗaki ɗaya nake kwana da mutumin nan, da idanuna biyu, amma ban gani ba, gemu ya rufe. Da muka koma gida na sa hannu na taɓa. Wallahi yana nan, da tauri. Tun daga ranar nake binsa mu je asibiti. Shi kuwa ko a jikinsa! Wai haƙori ne ya kumbura masa, wai ba zai rufe shago ba saboda wasan yara da laka. Na roƙa, na yi kuka, na yi fushi, sai ya ɗaura mayafi a wuya ya fita. Ni na san tsoro yake ji, taurin kan nan naku ne ya hana shi faɗa. Maganarki kaɗai yake ji a duniyar nan. Don girman Allah ki kira shi, ki yi masa tsawa irin ta da, kuma kar Inna ta ji tukuna.

Shalele ba ta san abin da ta tono ba, murna kawai take yi wai aikinta ya sa baƙuwa ta cire ƙyalle. Jiya ta hau cinyarsa, ta zura hannu cikin mayafin, sannan ta ce in samo mata sabon yumɓu ta sake wani, don na bajekolin bai yi daidai ba yanzu, abin ya fi haka girma.

Ki gaishe min da maigidan, da Goggo, da 'yan biyu, da Autanki sarkin rigima. Yaya, yau za ki kira shi, ba gobe ba.

Taki,
Maman Shalele